Lambar Gida Ba Shaida Ba Ce: Martani Kan Damfarar Waya

Malam, na karanta maƙalarka kan damfarar waya sau biyu, na farko a tsaye, na biyu a zaune da biro a hannu. Na daɗe ina bin rubutunka, kuma na san ba don ka ci zarafin kowa ka yi ta ba. Sai dai akwai maganganu biyu a cikinta da ba zan iya bari su wuce ba, domin mutane suna karanta ka, kuma suna aiki da abin da ka faɗa. Ka ce duk wanda aka damfara ta waya kwaɗayinsa ne ya ja masa, har ka kafa hujja da karin maganar nan ta idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sannan ka shawarci masu karatu su guji lambar ƙasar waje, amma idan lambar gida ce ta kira su to da sauƙi, tunda yanzu an haɗa kowane layi da NIN, mai laifi ba shi da maɓoya.

Da ta biyun zan fara, don ita ce za ta iya sa a yashe asusun wani a makon nan.

Lambar da ke fitowa a fuskar wayarka idan ana kira, matsayinta ɗaya da sunan da mai aiko wasiƙa yake rubutawa a bayan ambulan. Waɗanda suka ga zamanin gidan waya sun san ma'aikacin ba ya tsayawa bincike ko sunan na gaskiya ne, aikinsa ya kai wasiƙa inda aka ce. Haka tsarin kira yake. Hanyar da kamfanonin waya ke miƙa wa juna kira an shimfiɗa ta ne tun shekarun 1970 da 1980, lokacin da kamfanonin 'yan ƙalilan ne, yawancinsu na gwamnatoci, irin NITEL a nan. Kowa ya san kowa, don haka idan wannan ya ce wa wancan ga kira daga lamba kaza, sai a karɓa a wuce da shi. Da intanet ta shigo, kira ya zama yana iya tasowa daga kwamfuta a ko'ina cikin duniya, kuma mai kiran yana iya rubuta lambar da ya ga dama a gurbin tasa. Amanar nan ta dā ita ce ƙofar da aka bari a buɗe.

Kada ka ce wannan labarin Turai ne. Duk mai ɗan'uwa a Makka ko Jidda ko Khartum zai tuna lokacin da ake kiransa daga can amma sai ya ga lambar 080 ko 070 a wayarsa, ya ɗauka ya ji muryar wanda ya san yana ƙasar waje. Dalilin kuɗi ne. A 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta ɗaga kuɗin da ake biyan kamfanonin gida kan kiran da ya shigo daga waje, daga naira 3.90 zuwa naira 24.40 a minti ɗaya. Sai wasu suka ga riba a tsakani. Wasu sukan sauya lambar kiran ya shigo da fuskar na gida. Wasu kuma sukan ajiye wani akwati cike da layukan Najeriya, kiran ya iso masa ta intanet, shi kuma ya sake buga shi da ɗaya daga cikin layukan. Abin ya yi ƙamari har a farkon 2018 hukumar ta hukunta wasu kamfanoni, ta kuma toshe lambobi masu ɗimbin yawa. Waɗancan kuɗin kira suke gudu, ba asusun kowa suke nema ba. Amma sun nuna mana a fili cewa kira yana iya tasowa daga wata nahiya ya bayyana a wayar mutumin Fagge da lambar da ta yi kama da ta maƙwabcinsa. Hanyar da mai gudun kuɗin kira ya bi, ɗan damfara ma ya san ta.

A Amurka ma an sha fama da wannan dabarar. Mai kiran kan zaɓi lambar da farkonta ya yi daidai da na wanda yake nema, don ya zaci asibitin unguwa ne ko makarantar yaransa. Dabarar ba ta da wani sirri. Mutum ya fi sakin jiki da abin da ya yi kama da na gida, kuma shawararka, Malam, wannan sakin jikin take ƙarfafawa.

Na yarda akwai abin gudu a baƙuwar lambar waje. Akwai masu yin filashin sau ɗaya su katse, idan ka bi kiran sai kuɗin wayarka su zube, domin lamba ce mai tsadar gaske da aka tanada don haka. A nan shawararka ta yi daidai. Amma wannan katin waya kawai yake ci. Wanda zai kwashe jarin mai shago ba da baƙuwar lamba yake zuwa ba.

Sai batun NIN. Ba na cikin masu cewa aikin banza ne. Tun Disamba 2020 da aka ba da umarnin haɗa layi da lambar ɗan ƙasa, zuwa Afrilu 2022 da aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, zuwa wa'adin ƙarshe na Satumba 2024, an rufe layuka da yawa marasa asali, kuma hakan ci gaba ne. Amma NIN sunan wanda aka yi wa layi rajista take nunawa. Ba ta nuna hannun da layin yake ciki yau. Wayar da aka ƙwace a bakin titi da magariba tana ɗauke da layi mai cikakkiyar rajista. Layin da aka yi wa rajista da sunan wani dattijo a ƙauye, wanda aka karɓi lambarsa aka ɗauki hotonsa da sunan za a ba shi tallafi, shi ma cikakke ne a kundin kamfani. Akwai kuma layin da za a je a yi wa walkam bak, wato a fitar da sabon sim ɗinsa, da takardun ƙarya, mai shi yana zaune sai ya ga sabis ya ɗauke, saƙonnin bankinsa kuma sun koma wata wayar. Kuma ko da layin na mai laifin ne da sunansa, kai da ake kira ba ka ganin NIN ɗinsa. Jami'an tsaro ne za su iya nemowa, bayan an kai ƙara, bayan kuɗin sun riga sun bi ta asusu uku ko huɗu sun fita ta hannun wani mai POS a garin da ba ka taɓa zuwa ba. NIN tana iya taimakawa a kama ɓarawo bayan sata. A lokacin da wayar ke ƙara a hannunka, ba ta gaya maka komai.

Ko manhajar Truecaller da mutane ke dogara da ita ba hukuma ba ce. Sunayen da take nunawa daga wayoyin jama'a take tattarowa, kuma mai lamba yana iya sa wa kansa sunan da ya so. Idan ta nuna maka an yi ƙorafi a kan lamba, ka saurare ta. Idan ta nuna maka sunan banki, wannan bai tabbatar da komai ba. Haka saƙon tes da ke zuwa da sunan banki a samansa maimakon lamba. Masu sayar da kaya a kasuwa sun fi kowa sanin wannan, domin da shi ake yi musu alat na bogi, a ɗauki kaya a tafi.

Wani abu da ya faru a Legas ya isa ya nuna yadda lamba ta daina zama shaidar wuri. A Disamba 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene a Victoria Island ta kama mutum 792, cikinsu har da 'yan China 148. Hukumar ta ce ana ba matasan da ke aiki a wurin asusun WhatsApp masu lambobin ƙasashen Turai, su riƙa yaudarar mutanen waje da su. Wato mutum yana zaune a Legas, wanda yake magana da shi yana ganin lambar Jamus ko Italiya. Idan ana iya yi wa Bature haka daga nan, me zai hana a yi mana daga can, ko daga gari na gaba?

Yanzu bari mu zo kan kwaɗayi, inda na fi jin zafin maƙalarka.

Ban ce babu shi ba. Mun ga MMM a ƙarshen 2016, mun ga CBEX a Afrilu 2025, mun ga masu ilimi da muƙami sun zuba dukiya a inda aka yi musu alkawarin ƙazamar riba cikin wata guda. Wanda aka kira aka ce ya ci mota a gasar da bai shiga ba, ya kuma tura kuɗin fito da ita, ba zan tsaya kare shi da ƙarfi ba, ko da yake shi ma zaluntarsa aka yi. Amma wannan tsohon salo ne, Malam. 'Yan damfara sun daɗe da gane cewa mutane sun fara wayewa da alkawarin riba, sai suka koma ga abin da ya fi kwaɗayi saurin rufe ido, wato tsoro.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi sama da shekara talatin tana koyarwa a firamare. Mace ce da idan mai kayan miya ya yi mata ƙarin canji sai ta aika yaro ya mayar. Wata Juma'a bayan la'asar aka kira ta da lambar gida. Mai kiran ya yi sallama cikin Hausa tsantsa, ya ce da ita Hajiya, ya faɗi cikakken sunanta da sunan bankinta da lambobin ƙarshe na asusunta. Bai yi mata alkawarin ko sisi ba. Cewa ya yi yanzu haka wani yana ƙoƙarin cire kuɗin fanshonta, kuma ga shi an tashi daga aiki sai Litinin, don haka zai taimaka mata a toshe katin nan take. Ta karanto masa lambobin jikin katin. Ya ce za a turo wasu lambobi ta saƙo, ta karanto masa don a kammala toshewar. Ta karanto. Har addu'a ta yi masa kafin ya kashe.

Ina kwaɗayin a nan? Abin da ta tara da guminta take ƙoƙarin karewa.

Ka duba sauran salon da ke yawo a garuruwanmu, za ka ga kusan duka haka suke. A kira uwa a ce ɗanta da ke makaranta a wani gari ya yi haɗari, likita ba zai taɓa shi ba sai an biya, ga kuka ana jiyowa a bayan murya. A kira ɗan kasuwa a Zamfara ko Katsina a ce an ba da kwangilar sace shi, amma idan ya turo kaza za a ƙyale shi. A yankin da aka sace maƙwabcinsa da gaske, wa zai ce masa wawa ne don ya tsorata? A kira mace cikin dare da wata irin murya a ce aljanu ne ko bayin Allah, an ga masifa na tunkarar 'ya'yanta, sai ta yi sadaka, kuma idan ta faɗa wa mijinta abin zai faɗa kansa. Wani kuma da tausayi ake kama shi. Saƙo ya shigo kamar na alat, sai kira ya biyo baya, ana roƙo cikin ladabi cewa kuskure aka yi, kuɗin maganin mara lafiya ne, don Allah a mayar. Mai tsoron cin haƙƙin wani shi ne zai yi saurin mayarwa bai duba asusunsa ba. Sai kuma na WhatsApp, inda za a kira ka a ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne ko ta masallaci, za a yi taro ta intanet, an turo maka lambobi shida na shiga, ka karanto. Da ka karanto an ɗauke asusunka. Daga nan duk wanda ke cikin wayarka zai sami saƙo da sunanka da hotonka kana neman rancen gaggawa, kuma wanda ya fi ƙaunarka shi zai fara turawa.

Abin da ake farauta a cikinmu ke nan: son 'ya'ya, gudun haƙƙi, zumunci, girmama wanda ya zo da sunan hukuma, da kunyar katse wa mutum magana. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a kashe wa babba waya, ba a ce wa mai sallama ƙarya kake yi. Ɗan damfara ya san da haka, shi ya sa yake zuwa da ladabi fiye da na ma'aikacin gaske.

Akwai tambayar da maƙalarka ta tsallake gaba ɗaya. Ta yaya mai kiran ya san sunan Gwaggo da bankinta? Wannan sanin shi ne rabin damfarar, domin da shi ake sayen amincewa. Bayananmu suna warwatse a ko'ina: fom ɗin neman aiki, rajistar tallafi, littafin baƙi a ƙofar ofis, takardar da aka kwafa a shagon hoto aka bar ragowarta, rasit ɗin POS da aka yar a ƙasa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN, kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta ina bayanan suka fita, talaka bai sayar da su ba. An ce ya kawo, ya kawo. Muna da dokar kare bayanan jama'a tun Yuni 2023. Da ka juya alƙalaminka ka tambayi masu riƙe da bayanan nan, da ka yi wa masu karatunka aikin da ya fi zagin wanda aka cuta.

Wasu ƙasashen sun daina ɗora wa mai waya dukkan nauyin. Amurka ta wajabta wa manyan kamfanonin wayarta, daga ƙarshen Yuni 2021, su riƙa sa wa kira wani hatimi na lantarki da ke nuna ko lambar ta mai kiran ce. Bai kashe matsalar ba, amma ya rage wa masu sojan gona sarari. Indiya ta ƙaddamar da tsari a Oktoba 2024 mai tare duk kiran da ya shigo daga waje sanye da lambar Indiya. Ingila kuwa ta bi ta aljihun bankuna. Daga 7 ga Oktoba 2024, wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, a mafi yawan lokuta sai an biya shi, har zuwa fam 85,000, kuma bankin da kuɗin suka fita da wanda suka shiga su ne ke raba asarar. Hikimar a bayyane take. Bankin da ya san zai biya ba zai bari a buɗe asusu da sunan bogi cikin minti biyar ba. Kusan kowace damfarar waya tana ƙarewa ne a wani asusu da wani kamfani ya buɗe, mai BVN ko NIN a jikinsa. Me ya sa ba ma tambayar wanda ya buɗe shi?

To idan lamba ba shaida ba ce, murya ma ba shaida ba ce, tunda yanzu har kwaikwayon muryar mutum ana yi da kwamfuta, da me mutum zai gane? Da abin da aka nema daga gare shi. Wannan ne kaɗai ɗan damfara ba zai iya ɓoyewa ba, domin dominsa ya kira. Duk wanda ya kira ka ya nemi lambar sirrin katinka, ko lambobin jikin katin, ko waɗanda aka turo maka ta saƙo, ɓarawo ne, ko da lambar da ke bayan katin naka ce ta fito a wayar. Banki ba ya tambayar waɗannan. Kuma za ka lura kullum abu biyu suna rakiyar buƙatar: a yi yanzu-yanzu, kuma kada a faɗa wa kowa. Wanda ya ce kada ka kashe waya, ya san idan ka kashe ka yi tunani.

Maganin kuwa ba ya buƙatar boko. Ka kashe, ka kira da kanka. Idan an ce banki ne, ka nemi lambar da ke jikin katinka ko ka taka zuwa reshe. Idan an ce ɗanka ne, ka kira lambarsa da ka sani, ko abokinsa, ko malaminsa. Sojan gonan lamba a kiran da ya shigo yake aiki. Kiran da ka buga da hannunka zuwa lambar da ka sani yana zuwa ne ga mai ita. Ni a gidanmu na ce da iyaye mata su riƙa cewa, bari ɗana ya zo ya kira ka. Ba rashin kunya a ciki, kuma ma'aikacin gaskiya ba zai ƙi ba. Yawancin bankuna suna da lambar da za ka danna daga kowace waya ka rufe asusunka nan take, ya kamata kowa ya rubuta ta bankinsa a takarda ya ajiye, ba a cikin wayar da za a iya ƙwacewa ba. Layin ƙorafi na NCC kuma 622 ne, kyauta. Tura STOP zuwa 2442 yana hana saƙonnin talla, amma kada a zaci yana hana ɓarawo kira.

Na bar abin da ya fi damuna zuwa ƙarshe. A irin wannan sata, sa'o'in farko su ne komai. Idan aka sanar da banki da wuri, akan yi dace a riƙe kuɗin a asusun da suka faɗa kafin a kwashe. Gwaggo ta ga alat na fitar kuɗin tun kafin magariba a ranar. Ta gane abin da ya faru nan take, domin ba ta da ƙarancin hankali. Amma ba ta faɗa wa kowa ba. Ta yi Asabar, ta yi Lahadi, tana cewa zazzaɓi ne ya hana ta cin abinci. Sai ranar Litinin da 'yarta ta ɗauki wayar za ta sa mata caji ta ga saƙonnin. Da muka je banki aka ce kuɗin sun bar asusun farko tun daren Juma'a.

Na tambaye ta daga baya me ya sa ba ta kira ni ba, ga ni a gari ɗaya. Ta ce ta sha jin mu a tsakar gidanta, mu 'ya'yanta masu karatu, muna cewa ai sai makwaɗaici ake damfara.